Zakka, sadaka da wakafi: me ya raba su, kuma ina gardamar take?

Shin zakka da sadaka ba abu ɗaya ba ne?

Alƙur'ani kan kira zakka da sunan sadaka, kamar a aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka jero kashi takwas na masu karɓa. Amma a bakin jama'a, zakka ita ce farilla mai lokaci da nisabi, wato adadin da dukiya za ta kai kafin a fitar. Sadaka kuwa ganin dama ce, ko da ɗumamen tuwo ne aka zuba wa almajiri a zaure.

Nawa ake fitarwa?

Kuɗin da ya kai darajar giram 85 na zinariya, ya kuma shekara a hannu, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari. Manomin damina ɗaya cikin goma, mai wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Shanu sai sun kai 30, tumaki da awaki 40.

Yaushe abin ya faro?

An tsara zakka a Madina, shekara ta 2 bayan hijira. Da wasu ƙabilu suka ƙi bayarwa bayan wafatin Annabi (SAW), Sayyidina Abubakar ya yaƙe su. Wakafi ma, wato tsayar da kadara don Allah, tun zamanin Annabi (SAW) yake: Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta na mabukata.

A ɓoye ko a bayyane?

Aya ta 271 ta Baƙara ta yarda da duka biyun, ta fifita ɓoyewa. Bayyanawa kan zaburar da wasu, gaskiya ne. Sai dai aya ta 264 ta ce gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma ni ban ga cutarwar da ta wuce a ɗora wa dattijuwa buhun shinkafa a ka, a haska ta da waya tana sunkuyar da kai, a watsa a Facebook ba. Jikokinta ma za su gani.

A raba wa jama'a da yawa, ko a bai wa kaɗan?

Nan malamai suka saɓa. Imamu Shafi'i yana ganin a game duk kashin da aka samu cikin takwas ɗin nan. Malikiyya, da muke bi a ƙasar Hausa, sun halatta a bai wa kashi ɗaya, har mutum ɗaya ya samu abin da zai ishe shi shekara. Wannan sauƙin muke sakaci da shi, muna tara mata a ƙofar gida cikin rana saboda 'yan kuɗin da ba su wuce cefanen kwana biyu ba. A Bauchi, cikin azumin 2024, rayuka sun salwanta a turmutsitsin irin wannan rabo. Keken ɗinki ɗaya, ko injin markaɗe, da za a kai wa mai marayu har ɗakinta, ba ya bukatar layi.