Waiwaye: Korona da zumuncin jami'ar Zariya da ƙasashen waje

Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, kuma a kan haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ginu tun buɗe ta a 1962. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. Malamai daga Jami'ar Kansas State ta Amurka sun zo sun zauna a Samaru shekara da shekaru, suka taimaka wajen kafa wa jami'ar tsangayoyin noma da likitancin dabbobi. Abdullahi Smith kuwa daga Ingila ya zo, ya musulunta, ya sauya yadda ake karanta tarihin ƙasar Hausa. Namu ma sun yi ta fita karo ilimi suna dawowa.

Wannan ƙafar ce korona ta ɗaure. A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka samu mai cutar na farko a Legas. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, an dakatar da jiragen ƙasashen waje, Jihar Kaduna ta hana fita. Jiragen ba su dawo ba sai 5 ga Satumba. Ga kuma yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, wanda ya fara a Maris ya kai har 23 ga Disamba. Wata tara kenan, abu goma da ashirin.

Aka ce a koma intanet. An koma, kuma ban raina amfaninsa ba, domin malamin da bai taɓa samun biza ba ya halarci taron Landan daga falonsa. Amma na ga wani maƙwabcina a Samaru, wanda ke digirin digirgir da mai duba aikinsa a Turai, zaune cikin mota da tsakar rana, kwamfuta a cinya, yana cajin waya saboda an ɗauke wuta tun asuba. Sau uku layi na yankewa, yana ta ba da haƙuri. Shi kuma aikin ɗakin gwaji ba ya yiwuwa ta Zoom: sinadaran da ya yi oda sun maƙale a hanya, samfuran da ya tara suka lalace a firji.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan malamai. Manya sun riga sun san abokan aikinsu ido da ido, waya ta ishe su. Matashin da zai fita karon farko a 2020 ya rasa shekarar, da aka buɗe hanya kuma sai ga dala ta yi tashin gwauron zabo, kuɗin da aka ware masa bai isa ko na tikiti da masauki ba.