Hawan tsaunin hamada: amsar tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan su ne dai kullum, yau a amsa gobe a sake kawo su da wata siga. Na tattara su wuri guda. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ɗaura takalmi, domin tsaunin hamada ba ya yi wa kowa uzuri.

Sai na iya hawa da igiya kafin in je?

Ba dole ba, amma ka san irin hanyar da za ka bi. Masu hawa a Amurka sun kasa hanyoyi mataki biyar. Na 1 tafiya ce a turba. Na 2 tsallake-tsallaken duwatsu, jefi-jefi ka dafa da hannu. Na 3 rarrafe ne sosai, hannu da ƙafa duk suna aiki. Na 4 wurin da faɗuwa kan iya zama ajali, yawancin mutane da igiya suke binsa. Na 5 na ƙwararru ne. Sabon shiga ya tsaya a na 2, in zai taɓa na 3 ya bi wanda ya san hanyar. Sayen igiya kuwa bai mai da kowa gwani ba. Igiyar da ba ka iya ɗaurewa ba ƙarin kaya ce kawai.

Zan iya zuwa a tsakiyar zafi?

A'a. Jira sanyi.

Ƙarfe nawa zan tashi?

Tun da duhu, da tocilar goshi. Wurin da ya fi tsayuwa ka gama shi kafin hantsi ya yi ƙarfi. Wanda ya fara hawa ƙarfe 9 na safe ya riga ya ɓata tafiyarsa tun daga gindin dutse.

Wane takalmi?

Wanda ƙafarka ta saba da shi, mai tafin roba da ke kama dutse. Ban da sabo fil, ban da silifa. Ya kasance akwai ɗan fili gaban yatsu, don a gangara yatsun kan dunguri bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Yanke farce kafin ka fita. Da ka ji wani wuri ya fara zafi a dunduniya, zauna nan take ka manna filasta, kada ka bari ya zama bororo.

Hamada ce fa, me zan yi da rigar sanyi?

Wannan tambayar tana ba ni haushi don ana shan wuya a kanta. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi, ga iska a ƙololuwa, ga rigarka jiƙe da gumi. Tahat a ƙasar Aljeriya ya kai mita 2,908, Emi Kusi a Chadi mita 3,415, kuma a irin waɗannan wurare ruwa yana daskarewa da dare lokacin hunturu. Tsaunukan Sina na Masar har dusar ƙanƙara kan sauka a kansu. Busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi, rana na faɗuwa sanyi ke sauka. Sa riga mai kauri guda da mai tare iska a jaka ko da ba ka da niyyar kwana, don wanda ya gurɗe ƙafa ma bai yi niyyar kwana ba. In tsaunin ya haura mita 2,500, ciwon kai da tashin zuciya na iya zama na ƙarancin iska ne, maganinsa sauka.

Ruwana ya kai rabi, ga ƙololuwa ina hango ta. In ƙarasa ko in juya?

To, nan ne maganar take, kuma ba ta da amsa guda. Amma bari in fara da abin da ba na shakka a kai: in ka tsaya kana wannan lissafin a saman dutse, an riga an yi sakaci a ƙasa. Lissafin ruwa lissafin lokaci ne, kuma tun a gida ake yin sa.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotlan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace tafiyar kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Ɗauki hanya mai kilomita 5 da hawan mita 900, ka ga awa 2 da rabi ke nan. Sai dai ƙa'idar ta mai ƙarfi ce a kan turba mai kyau, ba ta san yashi da tsakuwa da rarrafe da hutu ba. Ƙara mata rabi, ka ce awa 4. Kada kuma ka ce saukowa za ta fi sauri. A turba haka ne, a wurin rarrafe kuwa sauka kan ci lokaci daidai da hawa, wani lokaci fiye. Awa 8 ke nan gaba ɗaya. A yanayi mai sauƙi ka ware rabin lita kowace awa, lita 4, da ƙarin lita 1 da ba za a taɓa ba sai an shiga matsala. Lita 5 kilo 5 ne a bayanka. In zafi ya yi tsanani jiki kan zubar da lita guda ko fiye a awa, sai lissafin ya koma lita 8 zuwa sama, kuma wannan alama ce cewa ranar ba ta hawa ba ce.

Yanzu ga ka can sama da rabin ruwa. Yawanci amsata ita ce ka juya. Dalili kuwa, ka hau da sanyin safiya, za ka sauka cikin garjin rana, ƙasa kuma ta fi sama zafi, don haka rabin da ya rage ba zai yi maka aikin da rabin farko ya yi ba. Shi ya sa masu hankali ke kasa ruwa uku: kashi ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, ɗaya ajiya. Da wannan ma'aunin, mai rabin ruwa ya riga ya ci cikin ajiyarsa.

Akwai inda zan sassauta. In ka ajiye gora a hanya lokacin hawa, a inuwar dutse, ka sa mata alama a waya kuma ka tabbata ta nan za ka dawo, lissafi ya canja. In abin da ya rage tafiyar minti 15 ce a fili, sararin sama garau, kowa a ayarin yana da kuzari, kuma lokacin juyawa da kuka tsayar tun a ƙasa bai yi ba, ba zan ce ka yi ganganci ba. Amma ka lura da sharuɗɗan, duka ake so su cika, ba biyu daga ciki ba. Sannan ido yana ruɗi a hamada. Iska a bushe take, babu bishiyar da za ka gwada girma da ita, abin da ka ɗauka minti 15 ne sai ya ci awa. Sau da yawa kuma abin da kake hange ba ƙololuwar ba ce, kafaɗar tsaunin ce, kana hawa sai ka ga wani tudun a bayanta. Duba tsayin da wayarka ko agogonka ke nunawa ka gwada da na taswira. In saura mita 150, ƙa'idar can ta ce minti 15, a wurin rarrafe ka ninka, sannan ka sake ninkawa don dawowa wurin da kake tsaye. Awa guda ke nan, rabin lita ko fiye.

Kuma ba ruwanka kaɗai za ka duba ba. Dubi gorar wanda ya fi kowa gajiya, dubi fuskarsa. Tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari, kuma wane launi ne. In ya yi awanni bai yi ba, ko ya fito ja-ja kaɗan, magana ta ƙare, ku juya.

In kuwa ruwan ya riga ya yi ƙaranci ƙwarai, kada ka hana kanka sha wai kana tattali. Gumi ake tattali. Nemi inuwa, zauna kan jaka don ƙasa da dutse sun fi iska zafi nesa ba kusa ba, rufe jiki, rage magana, ka jira rana ta yi sanyi. Nan ma da sauran magana, domin in akwai wurin rarrafe a gabanka bai kamata duhu ya same ka a kansa ba. Gara ka lallaɓa ka wuce wurin mai haɗari da sauran haske, ka yi zaman inuwar a ƙasansa. Wanne za ka fifita ya danganta da nisan wurin da ƙarfin da ya rage maka, kuma kai da ke wurin ka fi kowa sani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "mun riga mun zo". Tsaunin yana nan baɗi.

Ina shan ruwa sosai amma kaina na ciwo, ƙafa na ɗaurewa.

Wataƙila gishiri ne ya ƙare. Gumi yana fita da shi, in kana ta ɗura zallan ruwa ba ka cin komai gishirin jini kan ragu, kuma wannan ma yana kisa. Riƙa cin abu mai gishiri kaɗan-kaɗan. Ɗauki ƙunshin gishiri da sukari na kemis, ko ka haɗa: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Dutsen da na kama ya motsa.

Don ba ka gwada shi ba. Buga shi da tafin hannu tukuna. Mai lafiya ba ya amsawa, wanda ya rabu da uwarsa sai ka ji yana ƙara kamar ganga. Zafin rana da sanyin dare suna sa falalen dutse ɓarewa falle-falle, ka ga ɓawon kamar zai ɗauki mutum, ashe a iska yake. Danna maƙama ƙasa, kada ka fizgo ta wajenka. Gaɓoɓi uku su zauna daram kafin ka ɗaga na huɗu, nauyinka a ƙafa, hannu don daidaito ne. Kada ka manne cikinka da dutse, yin haka ke sa tafin takalmi ya zame. Dutsen yashi in ya sha ruwa yana ruɓewa, a ba shi kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama. A gangaren tsakuwa kuma kada wani ya tsaya saitin ƙasan wani. Ko ku matsu wuri guda, ko ku wuce ɗaya bayan ɗaya. Dutse ya kuɓuce, ka ƙwala ihu nan take, kunya ba ta da wuri a nan. Hular kwano ba ado ba ce.

Na hau wani wuri, na kasa saukowa.

Kwantar da hankalinka, yana faruwa ga mutane da yawa, kuma yawanci ana sauka lafiya. Tsaya, yi numfashi har ƙafa ta daina rawa. Juya ka fuskanci dutsen, ka leƙa ta gefen kafaɗa ko tsakanin ƙafafu, ka zaɓi matakin ƙafa kafin ka motsa. Sauke hannuwa ƙasa tukuna, sannan ƙafa, taki gajere. Cire jakar ka zura ta da 'yar igiya in tana ture ka. Na ƙasa ya riƙa faɗa maka inda za ka taka. Kada ka yi tsalle, kada kuma ka ƙara hawa da fatan samun wata hanya a sama. Gaba kuma, duk matakin da ka yi shakka, hau taki biyu ka sauko ka gani kafin ka wuce.

Ba sai in bi tulin duwatsun da aka jera don nuna hanya ba?

Ba ka san wanda ya jera su ba, wataƙila shi ma ɓata ya yi. Sauke taswira a waya tun kana da intanet, na'urar nuna wuri tana aiki ko babu sabis. Kunna rikodin sawunka, riƙe batirin caji, kada ka bar wayar a rana. Kana hawa kana waiwaye, musamman inda ka fito daga wani kwari ka hau doron tsauni, domin daga sama duk kwaruruka kama suke yi, kuma wanda ya yi kama da mai sauƙi kan ƙare a gaɓar da ruwa ke zubowa, mita 20 a tsaye.

Ambaliya a hamada?

Ƙwarai. Ƙasar ba ta shan ruwa da sauri, ruwan da aka yi a nesa kan taru ya biyo busasshen kwari alhali a kanka rana ake. Kada ka kwana a cikin kwari. Ka ga hadari a saman tsauni ko ka ji rugugi daga sama, hau gefe, ba gudu gaba ba. Walƙiya kuma ƙirga: daƙiƙa 3 tsakaninta da tsawa kilomita 1 ne. Ƙasa da daƙiƙa 30, bar ƙololuwa da doron tsauni.

Maciji da kunama fa?

Kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba, kakkaɓe takalmi da safe. In sara ya auku, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. Cire zobe da agogo, hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Abokin tafiyata ya fara tangaɗi yana maganar da ba ta da kai.

Bar komai. Jiri da yawan gumi da kasala galabaita ce, inuwa da ruwa da gishiri kan warware ta. Amma da zarar hankali ya gushe, ka ɗauka zafin jiki ya haura digiri 40, ko yana gumi ko ba ya yi. Kai shi inuwa, sassauta tufafi, jiƙa jikinsa, yi ta fifita, a kira taimako. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Zan iya zuwa ni kaɗai?

Ban so ba. In ka nace, rubuta wa wani sunan tsaunin, hanyar da za ka bi, inda ka bar mota, da ƙarfe nawa zai tayar da jama'a in bai ji daga gare ka ba. Sa usur da ƙaramin madubi a aljihun riga, ba a ƙasan jaka ba. Kuma ka bi hanyar da ka rubuta ɗin.