Bobkat: gano shi da ɗaukar hotonsa a daji

Bobkat (Lynx rufus) muzurun daji ne na Arewacin Amurka, ana samunsa daga kudancin Kanada har jihar Oaxaca ta Meziko. Ya ninka kyanwar gida a girma: namiji kan kai kilo 9 zuwa 10, mace kusan kilo 7. Wutsiyarsa guntuwa ce, santimita 9 zuwa 20, bakinta baƙi ne ta sama, fari ta ƙasa. Da wannan ake bambance shi da ɗan uwansa Lynx canadensis, wanda bakin wutsiyarsa baƙi ne kewaye, tafinsa kuma ya fi faɗi. Bobkat yana da yawa, ganinsa ne ke da wuya, domin jikinsa mai ɗige-ɗige yana sajewa da busasshiyar ciyawa.

Lokaci da wuri

Yakan fita farauta daga sa'o'i uku kafin faɗuwar rana zuwa tsakar dare, ya sake fita da asuba har hantsi. A lokacin sanyi yana ƙara yawo da rana. Zomo ne babban abincinsa, sai ɓeraye da tsuntsaye, don haka inda kurmi ya haɗu da fili, ga zomaye, nan ake fara dubawa.

A Point Reyes da ke gaɓar tekun Kalifoniya ana ganinsa da rana tsaka a makiyaya, yana gadin ramin gofa, wani ɓera mai haƙa ƙasa. A gandun dajin Yellowstone na Amurka kuwa, da hunturu, wasu kan bi gefen kogin Madison suna farautar agwagi.

Sawu

Sawunsa zagaye yake, faɗinsa kusan santimita 4.5, yatsu huɗu, ba alamar farce saboda yana janye shi idan yana tafiya. Na kare ko dila ya fi tsawo kuma farce na fitowa. Yakan bar kashi a kan hanya ko dutse, ya tono ƙasa da ƙafafun baya don shaida iyakarsa. Inda aka ga waɗannan sabbi, zai dawo.

Ɗaukar hoto

Ana buƙatar gilashin kyamara mai zuƙowa na milimita 400 zuwa 600. Mota ta fi tafiya a ƙasa amfani, domin a wuraren da ya saba da motoci ba ya kula da su, amma da an buɗe ƙofa sai ya shige kurmi. A kashe inji, girgizarsa na dusashe hoto, a ɗora gilashin kan ƙaramin buhun wake a taga.

Idan yana zaune, saurin ɗauka na 1/500 na daƙiƙa ya isa. Tsallen kamu na buƙatar 1/1600 ko mafi sauri, ko da za a ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na kyamara, wanda ɗaga shi ke sa hoto ɗan tsakuwa) zuwa 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa ana gyara shi, wanda motsi ya ɓata kuwa ba ya gyaruwa. Kafin tsallen akwai alama: yana ƙame, kunnuwa su karkata gaba, ya tattara ƙafafun baya. Wannan jiran na iya ɗaukar mintoci da yawa, kuma nan mutane ke sauke kyamara su rasa komai.

Matsalar da ta fi yawa ita ce kyamara ta kama ciyawar da ke gabansa, fuska ta fito dishi-dishi. Maganinta a zaɓi ɗigon saiti ɗaya a ɗora kan ido. A kan dusar ƙanƙara kyamara na duhunta hoto, sai a ƙara haske mataki ɗaya. Sanyi na cinye batir, a ajiye wani a aljihun ciki.

Idan ya daina farauta yana kallon mai hoto, an matso da yawa. Dokar Yellowstone ta hana kusantar irin wannan dabba ƙasa da mita 23, kuma gandun dajin ƙasa na Amurka sun haramta jawo dabba da abinci ko kukan da aka naɗa. Haihuwa kan zo a Afrilu da Mayu, 'ya'ya biyu zuwa huɗu. Uwa na kwashe su idan aka dami makwancinta.

Kyamarar tarko

Inda ba ya fitowa da rana, ana ɗaure kyamara mai jin motsi a bishiya, santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa, a karkace da hanya don ya daɗe a cikin hoto. A fuskantar da ita arewa, a sare ciyawar gabanta, in ba haka ba rana da iska za su cika katin da hotunan wofi.