Ma'anar "dhamma": tafarkin Buddha addini ne ko falsafa?

Bahaushe in ya ji an ce addini, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne Mahalicci da manzo da saukakken littafi. Shi ya sa lamarin mabiya Buddha ke ɗaure mana kai, domin koyarwarsu ba ta ginu a kan wani Ubangiji da ya halicci duniya ba. Daga nan wasu suka yanke cewa ai falsafa ce kawai.

Su masu abin, kalmar da suke kiransa da ita ita ce dhamma a harshen Pali, ko dharma a Sanskirit, dukkansu tsofaffin harsunan Indiya ne. Ta haɗa ma'anar koyarwa, da gaskiyar yadda al'amura suke, da hanyar da mutum zai bi. Wanda ya zo da ita shi ne Siddhartha Gautama, ɗan gidan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, shekara ɗari biyar ko kusa da haka kafin zuwan Annabi Isa (AS). Buddha laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka.

Masu cewa falsafa ce suna da abin kamawa. Wa'azinsa na farko a Sarnath, cikin Indiya ta yau, tamkar bayanin likita ne: rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne, tana iya yankewa, ga kuma hanya mai rassa takwas ta yanke ta. Da wani almajirinsa ya matsa masa da tambayar ko duniya tana da ƙarshe, sai ya buga masa misali da mutumin da aka harba da kibiya mai dafi, ya hana a cire ta sai an gaya masa sunan maharbin da danginsa da irin iccen bakan. Kafin ya sami amsa, dafin ya gama da shi.

To amma je ka Tailan da asuba. Sufaye ne a jere cikin mayafi ruwan goro, ba takalmi, kowa rungume da ƙoƙonsa, mata sun durƙusa a bakin hanya suna zuba musu shinkafa don neman lada. A Kandy ta Siri Lanka akwai ɗakin ibada da aka gina domin haƙorin da suka yi imani na Buddha ne, jama'a na kai furanni suna sunkuyawa. Sun yarda ana sake haihuwar mutum bayan mutuwa gwargwadon aikinsa, wato kamma, har sai ya kai ga nibbana ya huta da wannan kai-komo. Wanda ke tsoron makomarsa bayan mutuwa, yana sadaka yana ziyara saboda ita, ni dai ban ga yadda za a ce ba addini yake yi ba.

Kiran abin falsafa zalla ya yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, lokacin da masanan Turai suka duƙufa kan littattafan Pali suka kau da kai daga ibadar talakawa. Wasu mabiyan ma sun taya su: a taron addinai na Chicago a 1893, Anagarika Dharmapala ɗan Siri Lanka ya gabatar da tafarkin a matsayin wanda bai saɓa wa kimiyya ba. A ƙasar tasa kuwa, tsarin mulkin 1978 ya ba addinin Buddha matsayi na gaba, a Tailan kuma doka ta wajabta sarki ya kasance mabiyinsa.