Taswira mai launi tara: yadda ake karanta ta

A taron bitar harkokin kiwon lafiya da muke yi duk wata uku an fara kawo mana taswirar jihar Sakkwato da aka shafe ƙananan hukumominta 23 da launi kala-kala, a gefe kuma ga wani ɗan akwati mai gida tara. Na lura ranku ya daɗe hakimai da 'yan kwamitin mazaɓa da yawa sukan dube ta su yi shiru, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani.

Taswirar da muka saba da ita abu ɗaya take nunawa. Wannan kuwa abu biyu take ɗauke da su lokaci guda. Misali, yawan yaran da ba a yi wa allurar ƙyanda ba a ba shi shuɗi, yawan masu tamowa a ba shi ja. Kowanne a kasa shi gida uku: kaɗan, matsakaici, da yawa. Uku sau uku tara, ga asalin akwatin nan. Manhajar zana taswira irin su QGIS, wadda kyauta ce, ita ke haɗa launukan bayan an ɗauko alƙaluma daga DHIS2, wato manhajar da ake tara rahotannin asibitoci a cikinta.

Inda launi ya yi fari-fari, matsalolin biyu da sauƙi. Shuɗi zalla, rigakafi ne ya yi baya. Ja zalla, tamowa ce. Inda suka gauraya suka koma shunayya mai duhu, nan ne abin tsoro, domin ƙyanda ta fi yi wa yaro mai tamowa mugun kamu, kuma ita kanta tana ƙara ramar da shi. Can ya kamata tawagar allura da masu awon damtsen yara don gano tamowa su fara sauka tare, maimakon kowa ya tafi ranarsa daban.

Amma fa a yi hattara. Ido yakan tafi wurin da ya fi faɗi. Gudu da Tangaza sun cika takarda, Sakkwato ta Arewa kuwa sai ka ƙura ido kafin ka gan ta, alhali jama'a cunkushe suke a cikinta. Faɗin ƙasa ba yawan yara ba ne. Haka kuma launi guda ake shafa wa ƙaramar hukuma sukutum, sai mazaɓar da ke fama ta ɓuya a bayan maƙwabtanta. Mazaɓu 244 gare mu, ku riƙa neman taswirarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne gurbin da babu rahoto. Asibitin da bai aiko da rahoton wata ba, ko don rashin tsaro ko don sakaci, wurinsa kan fito fari ko ruwan toka, mai kallo ya ɗauka lafiya lau ce. Ga kuma lissafin yawan yara, wanda har yau kintace ne daga ƙidayar 2006.

Don haka abokan aiki, a cike rajista ranar da aka yi allura, kada a bari sai ƙarshen wata. Iyaye mata kuma a kawo yaro allurar ƙyanda yana wata 9, a dawo ta biyu yana wata 15, a zo da katinsa.