Gudawar jariri da ta ƙi tsayawa: wani lokaci tushenta na cikin ƙwayoyin gado

Mafi yawan gudawar ƙananan yara ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, ta ruwan sha ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Maganinta sananne ne: ruwan gishiri da sukari na ORS, ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, sannan a ci gaba da shayarwa. Wannan yana nan daram, kada wani ya karanta bayanin nan ya yi sakaci da shi. Sai dai akwai jarirai ƙalilan da gudawa ke kama su tun makonnin farko da haihuwa, a yi ta magani ta ƙi tsayawa. Saboda su da iyayensu nake wannan rubutu, domin a irin wannan hali uwa ake fara ɗora wa laifi, alhali matsalar tana wurin da tsaftarta da kulawarta ba sa kaiwa.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a ciki, rabi daga uwa, rabi daga uba. A kan kuromosom na 6 akwai yankin da masana ke kira MHC, ko HLA. Da shi jiki ke bambance nasa da baƙo, shi ya sa ake gwada shi kafin a yi wa mutum dashen ƙoda ko ɓargo. Wani likita ɗan Faransa, Jean Dausset, ya gano alamar HLA ta farko a 1958, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1980. Da aka gama karanta yankin gaba ɗaya a 1999, an iske ƙwayoyin gado fiye da 200 a cunkushe a ciki.

Abin da ya ɗaure wa masu bincike kai shi ne, ba dukansu ne ke yaƙi da cuta kai tsaye ba. A tsakiyar yankin, daf da ƙwayoyin gadon da ke samar da furotin masu huda ƙwayar cuta a cikin jini, akwai wasu uku a jere: NELFE, SKIV2L da DXO. Aikinsu kula da RNA ne.

DNA, wato sinadarin da ƙwayoyin gado ke rubuce a kansa, tamkar kundin asali ne da ke ajiye, ba a fita da shi. Duk lokacin da ƙwayar halitta ke buƙatar haɗa wani furotin, sai ta kwafo shafin da ya dace, wannan kwafin shi ne RNA. Kwafi kuwa ba na ajiya ba ne: da zarar ya gama aiki, ko ya fito da kuskure, dole a yayyaga shi. NELFE yana dakatar da kwafar jim kaɗan bayan an fara, har sai an ba da izinin ci gaba. DXO yana cire murfin kan RNA idan bai ɗauru daidai ba, don a samu damar rushe shi. SKIV2L kuma yana warware zaren RNA ya miƙa shi ga injin da ke narkar da shi. Can gefe a yankin akwai DDX39B, mai hannu a yanka da haɗa kwafin, wanda bincike a 2017 ya danganta da cutar da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka.

To me ya haɗa sharar RNA da garkuwar jiki? Ƙwayoyin bairos da yawa, kamar na ƙyanda, shan inna, mura da korona, da RNA suke ɗauke da gadonsu. Don haka ƙwayoyin halittarmu suna da masu gadi, irin su RIG-I, da ke tayar da ƙararrawa da zarar sun ci karo da baƙon RNA. Idan ragowar RNA na jiki ya taru ba a share ba, masu gadin na iya ɗaukarsa a matsayin na abokin gaba, jiki ya shiga yaƙi babu maƙiyi. Wani bincike a 2014 ya nuna SKIV2L na daga cikin masu hana wannan ruɗani. A ganina nan ne hikimar take: rabin kariya shi ne jiki ya san lokacin da bai kamata ya kai hari ba.

Idan yaro ya gaji SKIV2L mai naƙasa daga uwa da uba duka, yana kamuwa da ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da THES, wato ciwon gashi da hanta da hanji. An fara bayyana shi a 1982, aka gano hannun SKIV2L a ciki a 2012. Wata ƙwayar gado, TTC37, abokiyar aikinta da ke kan kuromosom na 5, ita ma idan ta naƙasa tana kawo shi. Ba kasafai ake samunsa ba, ƙiyasi bai wuce haihuwa ɗaya cikin miliyan ba.

Alamominsa sukan zo tare. Jaririn kan zo duniya ƙarami, gudawa ta fara da wuri, nauyinsa ya ƙi hawa. Gashin kansa busasshe ne, mara ƙarfi, ana shafa shi yana kakkaryewa a tafin hannu. Idan aka sa sili ɗaya a madubin likita, za a ga ƙulli-ƙulli a jikinsa inda ya tsattsage, nan yake karyewa. Sau da yawa hanta na taɓuwa, kuma yaron na yawan kamuwa da cututtuka saboda jininsa ba ya samar da isassun sinadaran kariya. A kula fa, tamowa ma tana canza gashin yaro, kuma ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Likita ne kaɗai zai bambance, da gwajin jini da na ƙwayoyin gado.

Babu maganin da ke gyara ƙwayar gadon a yanzu, amma akwai taimako na gaske. Ana ciyar da yaron ta jijiya idan hanji ya kasa, ana ƙara masa sinadaran kariya, ana kuma lura da hantarsa. Wasu yaran daga baya sukan koma cin abinci ta baki.

Iyaye, gudawar da ta kai kwana 14 ta wuce a yi ta jinya a gida, balle ga jaririn da bai cika wata biyu ba, wanda shi tun ranar farko ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi. Ku je da katin awon nauyinsa. Ku gaya wa likita ranar da abin ya fara, ko an taɓa rasa wani yaro da irin wannan ciwo a dangi, da ko akwai dangantakar jini tsakanin uwa da uba, domin hakan na ƙara yiwuwar su biyun su ɗauki naƙasa iri ɗaya. Batun rigakafi kuma kada ku yanke hukunci da kanku, likita zai faɗi wadda ta dace da yaron. Uwa da uba masu ɗauke da naƙasar lafiyarsu ƙalau, ba abin da suka aikata, kuma ba daga ɓangare ɗaya take zuwa ba. A kowane ciki, yiwuwar a haifi mai ciwon ɗaya ce cikin huɗu, don haka idan gwaji ya tabbatar, ku nemi ganin masanin cututtukan gado tare, ku biyu, kafin ciki na gaba.