Anagiram: Kalmomin Turanci Masu Haruffa Ɗaya, Ma'ana Daban

Anagiram kalma ce da ake samu idan aka sauya wa haruffan wata kalma wuri, ba a ƙara ko ɗaya ba, ba a rage ba. Sunan ya fito ne daga Girkanci. A Hausa ma muna da irinsa: kare da rake haruffansu huɗu ne iri ɗaya, ɗaya yana haushi, ɗaya ana sha. Sharaɗin biyu ne. Tsawon kalmomin ya zo ɗaya, sannan kowane harafi ya fito daidai yawan fitowarsa a kalmar farko. Don haka *lose* da *loose* ba anagiram ba ne, ta biyun ta fi ta farkon da harafi guda.

Haruffa biyar mabambanta ana iya jera su ta hanya 120, amma kaɗan ne daga ciki ke zama kalma. Haruffan A, E, L, S, T suna cikin masu albarka: *least* mafi ƙanƙanta, *steal* sata, *slate* allon dutse, *stale* burodin da ya kwana ya bushe, *tales* tatsuniyoyi.

Inda abin ke cutar mai koyon Turanci shi ne tagwayen da haruffa biyu kawai suka yi musayar wuri. *Diary* littafin da mutum ke rubuta al'amuransa na kullum ne, *dairy* kuwa wurin sarrafa madara. *Trial* shari'a ce a kotu ko gwaji, *trail* 'yar hanya ce a daji ko sawun da aka bari. *Angel* mala'ika, *angle* kusurwa. *Quiet* shiru, *quite* sosai. Mafi muni su ne *unite* da *untie*, domin kishiyoyin juna ne: haɗa kai da kwancewa. Manhajar gyaran rubutu ta waya ko kwamfuta ba kasafai take ja wa irin wannan kuskure jan layi ba, tunda dukkansu kalmomi ne sahihai, sai ya wuce har cikin takardar neman aiki.

Kunne ne ke raba gardama, ba ido ba. *Quiet* gaɓa biyu ce, kwa-yat, *quite* gaɓa ɗaya, kwait. Haka *trial* gaɓa biyu, *trail* ɗaya. *Diary* tana farawa da "dai", *dairy* da "de". A *angel* harafin g yana gaban e, sai ya koma sautin j, a *angle* kuwa yana nan a g ɗinsa. Wanda ya saba da rubutun Hausa, inda ake furta kusan duk abin da aka rubuta, yana da kyau ya riƙa faɗin kalmar a fili kafin ya rubuta ta.

Wasan Wordle ne ya sa mutane da yawa suka dawo neman jerin irin waɗannan kalmomi a intanet. Josh Wardle, injiniyan manhaja ɗan asalin yankin Wales, shi ya sake shi ga jama'a a watan Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Wasa ne na cankar ɓoyayyiyar kalmar Turanci ɗaya a rana, mai haruffa biyar, kowane harafi a akwatinsa, kuma sau shida ake gwadawa. Akwatin da ya zama kore, harafin yana daidai wurinsa. Rawaya, yana cikin kalmar amma ba nan ba. Ruwan toka, babu shi. Jerin amsoshin asali kalmomi 2,315 ne, an kuma bi rubutun Amurka, shi ya sa *favor* ta taɓa zama amsa, alhali a rubutun Ingila da ake koyarwa a makarantun Najeriya haruffanta shida ne. Jam'in da aka yi shi da ƙarin s kawai, kamar *tales*, wasan yana karɓarsa a matsayin gwaji, amma ba a sa shi amsa.

Akwai wata ƙa'ida da ke rikita sababbin 'yan wasa. A ce amsa *steal* ce, ka rubuta *steel*, wato ƙarfe. E ta farko za ta zama kore, ta biyu ruwan toka. Wannan ba ya nufin babu e a kalmar, yana nufin guda ɗaya ce tak.

Anagiram na gaskiya ba ya ba da wahala sosai a wasan, domin idan haruffa biyar duk sun bayyana, jerawa ce kawai ta rage. Masu kayar da mutum su ne 'yan uwansa na kusa, kalmomin da suka yi tarayya a haruffa huɗu suka bambanta a ɗaya. Waɗannan ba anagiram ba ne, kodayake ana yawan haɗa su a jeri guda. Dubi masu ƙarewa da *ound*: *bound* ɗaurarre, *found* an samu, *hound* karen farauta, *mound* tsibin ƙasa, *pound* fam na Ingila ko daka a turmi, *round* kewayayye, *sound* sauti, *wound* rauni. Bahaushe ya ƙara lura da *pound* da *found*, domin bakinmu bai cika raba p da f ba, sai a tuna ɗaya a manta ɗaya.

A ce a gwaji na biyu ka rubuta *round*, haruffa huɗun ƙarshe suka zama kore, r ta zama ruwan toka. Saura kalmomi bakwai, gwaji huɗu. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, damarka huɗu ce cikin bakwai, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa suna ganin sun kusa. Dabarar ita ce ka sadaukar da gwaji na uku ga kalmar da ka san ba ita ce amsa ba, amma ta kwaso farkon haruffa da yawa. *Swamp*, wato fadama, tana ɗauke da s, w, m da p. Duk wanda ya yi launi a cikinsu, ka san amsa a gwaji na huɗu. Idan duk suka zama ruwan toka, saura *bound*, *found* da *hound*, gwaji uku a hannunka, babu yadda za a yi ta kuɓuce maka.

Wannan dabara ba ta aiki ga wanda ya kunna tsarin wasan mai tsauri, domin a can dole ne duk harafin da ya bayyana ya sake fitowa a kowane gwaji na gaba. Mai wannan tsari sai ya yi rigakafi tun da wuri: idan haruffa biyu ko uku suka fara nuna masa dangi mai yawa irin na *ound*, *ight* ko *atch*, ya zaɓi kalmar da za ta gwada sababbin baƙaƙe da yawa kafin kore huɗu su ɗaure shi.